DARASI NA BAKWAI: JININ BAYIN ALLAH, HAƘƘIN MAI GUDUN HIJIRA, DA ALKAWARIN DA DUNIYA TA ƊAUKA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, ka sani, Allah Ya yi mana rahama da ni da kai, wannan darasi an shirya shi ne domin samarin Ɗantutture da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa. Muna roƙonka ka karanta shi a natse, sa'an nan ka karanta wa wanda bai iya boko ba. Maganar da ke ciki kuwa ba baƙuwa ce a wurinka ba. Ka kwana a kan soro ko a cikin gona saboda an ce ana tafe. Ka ga mata da yara a bakin titi da ƙunshin kaya a ka. Watakila ma akwai baƙi a zauren gidanku yanzu haka.

Tambayoyi uku za mu duba. Mene ne hukuncin masu zub da jinin nan, ko da sunan addini suka zo ko da sunan yunwa? Mene ne haƙƙin wanda aka kora daga gidansa? Kuma wane nauyi ne ke kan hukuma da ƙasashen duniya game da tsare rayukan talakawa, watau fararen hula waɗanda ba su ɗauki makami ba?

FASALI NA FARKO: ABIN DA IDONMU YA GANI

Bari mu fara da tuna wa juna abin da ya auku, domin mai mantuwa ba ya ɗaukar darasi.

Abin ya faro ne da satar shanu a dajin Rugu da dazuzzukan Zamfara, kafin ya koma satar mutane da ƙone garuruwa. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari. A watan Afrilu na wannan shekara 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 47 a ƙauyukan Ɗanmusa, Safana da Dutsin-Ma, a dare guda. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su cikin daji kamar garke, sai bayan kwana shida aka sako su. A watan Satumba na 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka hana cin kasuwannin dabbobi, talaka ya sha wuya biyu. A watan Yuli na 2022 ayarin motocin fadar Shugaban Ƙasa ma bai tsira ba, an buɗe masa wuta kusa da Dutsin-Ma. Sa'an nan ranar 19 ga Agusta 2025 aka shiga masallaci a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, mutane suna sallar asuba, aka kashe gomiyoyin bayin Allah.

An gwada sulhu a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, na ƙarshe a 2019, ya warware. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoba na 2023 a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. A 2025 kuma ƙananan hukumomi da dama suka sake zaman sulhu da mutanen daji. Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a duk abin da zai tsai da jini. Amma fa wanda ya mutu ya mutu, marayu suna nan, gonaki da yawa sun yi shekaru ba a sa musu garma ba. To, ina matsayinka a cikin wannan?

FASALI NA BIYU: MAI RIGAR ADDINI DA MARAR RIGA

Ka sani, masu zub da jinin nan iri biyu ne.

Na farko shi ne ɗan fashi, wanda muke kira ɓarawon daji. Shi bai ce addini yake yi ba. Malaman fiƙihu suna kiran aikinsa hiraba, watau tare hanya da tsoratar da mutane da makami, kuma hukuncinsa yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33, yana daga cikin mafi tsananin hukunce-hukuncen shari'a. Tsai da wannan hukunci kuwa aikin hukuma ne da alƙali. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu shi ne wanda ya sa wa kisan rigar addini. Wannan ya fi haɗari, domin ɓarawo ya san laifi yake yi, ana sa ran wata rana ya tuba, shi kuwa wannan lada yake nema da jininka. Irinsu ba yau suka fara ba. A zamanin Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, aka sami Hawarijawa. Mutane ne masu yawan salla da azumi da karatun Alƙur'ani, yawancinsu samari, amma ba su zauna gaban sahabbai sun koyi ma'anarsa ba. Suka kafirta duk wanda ya saɓa musu. Suka yanka Abdullahi ɗan Habbab, ɗan babban sahabi, suka kashe matarsa tana da ciki. Abdullahi ɗan Abbas ya je ya yi muƙabala da su da hujja, dubbai daga cikinsu suka dawo, sauran aka yaƙe su a Nahrawan shekara ta 38 bayan Hijira. A shekara ta 40 ɗaya daga cikinsu ya sari Sayyidina Aliyu da takobi a Kufa, lokacin sallar asuba, cikin watan Ramalana.

Yanzu ka dubo ƙasarmu. A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano bisa ga lissafin hukuma, sa'an nan ya sake ɓulla a Bulunkutu da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gwambe a 1985. Daga 2009 kuma Boko Haram ta ɗauki makami. Wa suka kashe? Sun kashe Kirista a coci, sun kashe Musulmi a masallaci. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 sun tashi bama-bamai a babban masallacin Kano, mutum fiye da 100 suka rasu. Shehu Muhammad Auwal Albani na Zariya, wanda ya yi ta warware shubuhohinsu, an harbe shi da matarsa da ɗansa ranar 1 ga Fabrairu 2014, shugabansu kuma ya fito ya ce su ne. Ka ga hali ɗaya ke nan tun daga Nahrawan: sun fi tsanar malamin da ya san ƙaryarsu.

Me ya sa muke kawo maka wannan alhali mu ɓarayin daji ne suka dame mu? Saboda koguna biyun nan sun fara haɗuwa. 'Yan Ansaru sun yi sansani a dajin Birnin Gwari. Waɗanda ake kira Lakurawa sun bayyana a arewacin Sakkwato da Kabi, sunansu ya cika ƙasa a 2024. Dabararsu kuwa ita ce su zo wa mutanen da aka zalunta su ce, mu ne za mu kare ku. Da farko su kori ɓarayi, daga baya su fara karɓar shanu da sunan zakka, su yi wa mutane bulala, su ɗebi samari. Wanda ya gayyato kura don ta kore masa kare, ai ya san sauran.

Ga alamominsu guda huɗu, ka haddace su. Ɗaya, suna kafirta Musulmi da zunubi ko da aikin gwamnati ko da karatun boko. Biyu, suna zagin malamai baki ɗaya, su ce duk malaman fada ne, don kada ka je ka tambaya. Uku, karatunsu a ɓoye yake, cikin waya da tsakar dare, a ce kada mahaifinka ya sani. Huɗu, suna gaggawar kai ka ga makami tun ba ka gama Ahalari da Ishmawi ba. Duk wanda ya zo maka da waɗannan, ko gemunsa ya kai cibiya, ka guje shi.

Idan wani ya ce maka, ai hukuma azzaluma ce, sai ka ce masa: na ji, to matar da ke tallar fura a tasha ita ce hukuma? Usama ɗan Zaidu, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake ƙauna, ya kashe mutum ɗaya a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana zaton tsoro ne ya sa shi. Annabi ya yi ta maimaita masa faɗa har Usama ya yi nadamar da bai taɓa yin irinta ba. Sayyidina Abubakar kuma da zai tura runduna Sham, ya hana su taɓa mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya da kashe dabbobi a banza. Wannan a yaƙi na halal ke nan, a ƙarƙashin halifa. Ina ga mai ƙone rumbun talaka?

FASALI NA UKU: WUTAR DA KE CIKIN GIDA

Akwai wuta ta uku, ita ce ta fi kusa da kai, kuma ba a son a faɗe ta. Ita ce ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Tsaron gari halal ne. Wanda ya tsaya ya kare iyalinsa da dukiyarsa aka kashe shi, hadisi ingantacce ya ba shi matsayin shahidi. Amma ka bambanta tsaron gari da abin da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi, watau a tare Bafillace a kasuwa ko a hanya, ba bincike, ba alƙali, a kashe shi don kawai kamanninsa da harshensa, a kore shanunsa. Wannan kisan kai ne, kuma aya ta 93 ta Suratun Nisa'i ba ta ware kowace ƙabila ba. Alƙur'ani ya kafa ƙa'ida a wurare da yawa cewa ba a kama wani da laifin wani, Suratul Ma'ida kuma, aya ta 8, ta hana mu barin adalci saboda ƙiyayyar wasu mutane. Fulani da yawa su aka fara yi wa satar shanu, sun rasa kome, sun yi gudun hijira kamar kowa. Duk rugar da aka ƙone da zalunci, an ba mutanen daji sababbin yara ke nan. Su kuma mutanen daji idan sun tashi ramawa, sai su afka wa ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka wutar ke ta zagayawa.

Kuma ka ji tsoron Allah game da abu uku. Kada ka zama infoma, mai nuna gidan wanda ya sayar da hatsi ko ya karɓo kuɗi. Kada ka zama mai kai musu fetur da burodi da ƙwaya don riba. Kada ka sayi saniya ko babur da ka san arharsa ta yi yawa. Wanda ya riƙe ƙafa da wanda ya yanka, duk mahauta ne.

FASALI NA HUƊU: WANE NE MAI GUDUN HIJIRA?

Ya ɗan'uwa, kada ka kuskura ka raina wanda ya zo garinku da tabarma a hammata. Addinin nan namu da gudun hijira ya kafu, har lissafin shekarunmu daga Hijira yake farawa.

A shekara ta biyar bayan aiko Annabi, da azabar Kuraishawa ta tsananta, ya umurci sahabbansa su tafi Habasha, domin akwai sarki a can wanda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Sarkin nan, Najjashi, Kirista ne a lokacin. Kuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyaututtuka, a kan a damƙa musu mutanen su komo da su. Fadawa suka goyi baya. Najjashi ya ƙi, ya ce sai ya ji ta bakinsu. Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, sarki ya mayar wa Kuraishawa kyautarsu, ya ce baƙinsa su zauna cikin aminci. Shi kansa Annabi da ya komo daga Ɗa'ifa, a ƙarƙashin kariyar Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya shiga Makka, shi kuwa mushiriki ne, kuma Annabi bai manta masa da wannan alheri ba. Mutanen Madina kuma suka raba gidajensu da abincinsu da Muhajirai, Allah Ya yabe su a Suratul Hashri, aya ta 9. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani, mace guda, ta ba mutum mafaka, Annabi ya zartar da amanarta. Suratut Tauba, aya ta 6, ta wajabta ba da mafaka ko ga wanda ba Musulmi ba, har a kai shi inda zai amince. A ƙasar Hausa ma, kame mutanen Gimbana da aka yi yana cikin abin da ya kai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ga yin hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804.

To, a dokar duniya ta yau an kasa masu gudu kashi biyu, kuma yana da kyau ka san bambancin.

Kashi na farko shi ne wanda ya ƙetare iyakar ƙasa. Shi ne yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta yi magana a kansa, kuma sashe na 33 nata ya hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Ka ga abin da Najjashi ya yi ke nan tun ƙarni goma sha uku kafin a rubuta. Ƙasashen Afirka kuma suka yi tasu a Adis Ababa a 1969, suka faɗaɗa ta, ta haɗa da duk wanda tashin hankali ya kora, ko da ba shi aka nufa da kansa ba. Da wannan ne 'yan'uwanmu na Jibiya da Sabon Birni da Isa da sauran garuruwan bakin iyaka suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019. A watan Maris na 2021 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan Nijeriya 77,000 ne ke can. Kafin hukumomi su iso, talakawan ƙasar Gidan Rumji ne suka buɗe musu zaurukansu, suka raba ɗan geron da ke rumbu, alhali su ma ba su ƙoshi ba. Daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori. Ba abin mamaki ba ne, domin jini ɗaya ne: bayan 1807 zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina can suka koma, har yau Sarkin Katsina ake ce wa Sarkin Maraɗi.

Kashi na biyu shi ne wanda aka kora daga ƙauyensa amma yana cikin ƙasarsa, kamar mutanen Shimfiɗa da suka kwararo cikin garin Jibiya a watan Maris na 2022 bayan an janye sojojin da ke garinsu, suka sauka a makaranta. Irin waɗannan su ne mafi yawa, su ne kuma a garuruwanmu. Nauyinsu yana kan gwamnatin ƙasarsu. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya a kansu a Kampala a 2009, Nijeriya ta amince da ita a 2012, Nijar kuwa ta mai da ita dokar ƙasa a 2018. Saboda haka idan mai gudun hijira ya nemi abinci da magani da makarantar 'ya'yansa a wurin hukuma, haƙƙinsa yake nema, kada wani ya kira shi almajiri.

FASALI NA BIYAR: ALKAWARIN DA DUNIYA TA ƊAUKA

Sau da yawa za ka ji samari a majalisa suna cewa, ina Majalisar Ɗinkin Duniya? Wasu kuma su ce, ai duk makircin Turawa ne. Mai ilmi ba ya tsayawa a ɗayan biyun nan, sai ya san yadda abin yake.

A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 a Ruwanda cikin kwana 100. Akwai sojojin Majalisar a ƙasar, amma da kisan ya fara sai Kwamitin Sulhu ya rage su zuwa 270. A watan Yuli na 1995 aka kashe Musulmi maza da yara wajen 8,000 a Srebrenica ta ƙasar Bosniya, garin da Majalisar da kanta ta ce tudun mun tsira ne, sojojin Holan da ke gadinsa suna nan. Kunyar waɗannan biyu ce ta sa aka sake tunani. Ƙasashen Afirka suka riga, suka sa a cikin tsarin Tarayyar Afirka na shekara ta 2000 cewa tana da ikon shiga ƙasar da ake kisan ƙare dangi. Sa'an nan a 2005 shugabannin duniya suka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da ƙa'idar da ake kira nauyin ba da kariya.

Ƙa'idar ta shafi manyan laifuffuka huɗu: kisan ƙare dangi, laifuffukan yaƙi, korar wata ƙabila daga ƙasarta, da cin zarafin bil'adama. Tana kuma da hawa uku. Hawa na farko, kowace gwamnati ita ce ke da nauyin tsare mutanenta. Hawa na biyu, sauran ƙasashe su taimaka mata ta iya. Hawa na uku, idan ta gaza a fili, ko ita ce ma mai kisan, sai duniya ta ɗauki mataki, a fara da lallashi da takunkumi, ƙarfin soja ya zo a ƙarshe, shi ma sai da izinin Kwamitin Sulhu.

Asalin wannan magana bai saɓa wa addininmu ba. Annabi tun yana saurayi ya halarci Hilful Fuduli a Makka, inda ƙabilu suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ko baƙo, kuma bayan annabci ya yabi wannan alkawari. Suratun Nisa'i, aya ta 75, ta zargi masu zama su ƙyale raunana maza da mata da yara suna kuka. Matsalar tana wajen cikawa.

Ƙasashe biyar ne ke da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu: Amurka, Rasha, Sin, Ingila da Faransa. Duk inda ɗayansu ke da aboki ko moriya, magana ta tsaya. Haka aka yi ta yi a kan Siriya, haka aka yi ta yi a kan Gaza. A 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka gudu daga Miyanma zuwa Bangaladash, ba wanda ya tare musu. Inda aka yi aiki da ƙarfi kuwa, watau Libiya a 2011, an shiga da sunan kare fararen hula, aka ƙare da kifar da gwamnati, rumbunan makamai suka fashe, bindigogi suka bazu cikin Sahara da ƙasashen da ke kudu da ita. Mu nan mun san ƙarar irin waɗannan bindigogi.

Ko a wajen agaji ma akwai gyara. Shekara da shekaru tsarin agajin Majalisar a Nijeriya ya fi karkata ga Barno, Yobe da Adamawa, ƙungiyar likitoci ta MSF tana ta kukan an manta da arewa maso yamma. Ita ce ta ba da labari cewa yara 652 suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025, a daidai lokacin da manyan ƙasashe ke rage kuɗin agaji. Yunwar nan kuwa 'yar rashin noma ce, rashin noma kuma ɗan rashin tsaro ne.

Kuma ka sani dokar kare fararen hula ta hau kan mai kaki kamar yadda ta hau kan ɗan ta'adda. Jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann ranar 17 ga Janairu 2017. Ranar 3 ga Disamba 2023 aka kashe aƙalla mutum 85 a Tudun Biri ta Jihar Kaduna suna taron Mauludi. Hukuma ta ce kuskure ne. To, kisan kuskure ma a shari'a yana da diyya da kaffara, kuma neman a yi bincike a biya haƙƙi ba tawaye ba ne. A watan Disamba na 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Duniya da ke Heg, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin binciken Boko Haram da kuma jami'an tsaron Nijeriya, duka biyu.

Abin da za ka fahimta a nan shi ne, alkawarin duniya hujja ce a hannunka, ka san shi, ka nemi a cika shi ta hanyar wakilanka da sarakunanka da malamanka. Amma kada ka kwanta kana jiran jirgi daga wata ƙasa. Su da kansu sun rubuta cewa nauyin farko na gida ne.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA YA HAU KANKA

Na ɗaya, ka nemi ilmi a fili, gaban malamin da aka san malamansa. Duk wa'azin da ya shigo wayarka yana halatta jini, ka kai wa malami ya ji, kada ka tura wa wani.

Na biyu, idan za ka yi aikin tsaron gari, ka yi shi a ƙarƙashin hukuma da sanin mai gari. Wanda aka kama a miƙa shi, kada ka zama kai ne ɗan sanda, kai ne alƙali, kai ne hauni.

Na uku, ku samarin kowane masallaci ku rubuta sunayen baƙin da suka sauka a unguwarku, da yawan 'ya'yansu, da marasa lafiyarsu, ku kai wa mai unguwa da ƙaramar hukuma. Wanda ba a rubuta ba, ba a lissafa shi ranar rabo.

Na huɗu, idan kaka ta yi, ku tuna wa iyayenku cewa baƙin nan suna cikin masu cin zakka, ta fuskar talauci da ta fuskar matafiyin da guzurinsa ya yanke. Mai gona biyu ya ara wa baƙo ɗaya. Kada a tsauwala musu kuɗin haya, kada a rage musu ladan ƙwadago don an ga ba su da zaɓi.

Na biyar, ka tsare mutuncin matansu da 'ya'yansu mata. Wanda ya yi amfani da yunwar bazawara ko marainiya ya lalata ta, shi da ɓarawon daji tafiyarsu ɗaya. Matar da aka sako daga daji kuma ba ta da laifin abin da aka tilasta mata, haram ne a goranta mata.

Na shida, ku ja yaransu zuwa Islamiyya da firamare tare da ƙannenku. Yaron da ya ga an kashe ubansa, idan gari bai rungume shi ba, daji zai rungume shi.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Kawo alamomi huɗu na masu halatta jini da sunan addini.
2. Mene ne bambancin tsaron gari da ramuwar gayya?
3. Me Najjashi ya yi wanda ya yi daidai da sashe na 33 na yarjejeniyar 1951?
4. Bayyana hawa uku na nauyin ba da kariya. Wanne ne ya fi kusa da mu?
5. Baƙi nawa ne a unguwarku, kuma me ka yi musu a makon nan?

Ya Allah Ka ji ƙan waɗanda aka kashe, Ka kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji, Ka mayar da kowane mai gudun hijira gidansa cikin aminci. Ya Allah Ka shiryi masu shiryuwa daga cikin mutanen daji, waɗanda ba masu shiryuwa ba Ka isar mana a kansu. Ka ba shugabanninmu tsoronKa da ikon sauke nauyin da ke kansu. Ka tsare hannuwan samarinmu daga jinin da Ka haramta. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.